Turare a Ɗakin Daddawar Saloma

Duk wanda ya ce mini daddawa wari take yi, nakan tambaye shi da wace miya uwarsa ta yaye shi. Ni Leah, katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Saloma a nan Zuru, kuma na shaƙi daddawarta tun ina amarya har na yi furfura, ban taɓa toshe hanci ba. Da ɓacin rai nake ba da labarin nan, kuma ba ni da niyyar ɓoye shi.

Saloma 'yar ƙauyen Manga ce. Mijinta Ezekiel sai da ya yi golmo a gonar ubanta, wato noman da saurayinmu kan yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, har tafin hannunsa ya zama kamar ƙasan takalmi. Da aka ba shi ita ya kawo ta cikin gari, sannan ya shiga soja kamar yawancin mazanmu. Ba su daɗe tare ba. Wata rana aka kawo mata akwatinsa da takalmansa, aka ce ta yi haƙuri. Lokacin tana goye da 'yarta Glory, ita ke nan Allah ya ba ta.

Ba ta koma gidan ubanta ba, ba ta kuma sake aure ba. Tukunya ta ɗora. Wanda bai taɓa ganin aikin daddawa ba ya ɗauka wasa ne. Sai ta dafa kalwa wuni guda, itace na ci, hayaƙi na cin idonta. Ta surfa ta a turmi har ɓawon ya fita, ta wanke, ta sake wankewa, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ta sake dafawa. Sannan ta juye a kwanduna da ta shimfiɗa wa ganye, ta lulluɓe da buhuna, ta rufe a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidanta, wanda ko taga ba shi da ita. A nan kalwa ke kwana tana zafi har ta nuna ta zama daddawa. Ɗakin nan ko ni ba na shigarsa sai ta ce in shiga.

Hancin Saloma ya daɗe da mutuwa. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita wata shekara, ta tashi ba ta jin ƙamshi ba ta jin wari, hayaƙin murhu kuma ya ƙarasa abin da ya saura. Hakan bai rage mata komai ba, don da hannu take gane aikinta. Takan zura hannu ƙarƙashin buhu ta ji ɗumi, ta murza ƙwaya tsakanin yatsu ta ji yauƙi, ta ce, "Sai gobe." Nakan tsokane ta in ce da za a yi gobara a gidanta sai dai maƙwabta su faɗa mata.

Abin da Saloma ta mallaka a duniya sunanta ne. A kasuwar Zuru ba a ɗanɗana daddawarta, ba a juya ta a duba ko an cuɗa da waken suya. In an ce ta Saloma ce, magana ta ƙare. 'Yan sari daga Bena da Kanya har gida suke biyo ta. Adama mai tuwo a tasha, Bakabiya, ba ta sa ta kowa a miyarta sai tata. A coci kuwa Saloma ce mai buga tulu a zumuntar mata, in ta ɗaura zanen zumunta ta rungume tulun nan, har tsofaffi sai sun girgiza kafaɗa. Da sunan nan ta ci, da shi ta sha, da shi ta kai Glory makaranta har yarinya ta samu aikin ofis a Birnin Kebbi.

Ba zan yi wa Glory ƙarya ba, ta sha tsokana tana ƙarama. Yara a makaranta sukan matsa daga bencinta su ce littattafanta na warin miya. Na sha share mata hawaye. Amma yaro yakan girma ya gane abin da ya saya masa littafin. Ita dai ta girma ta tara farce, ta koyi taku da dogon takalmi, kunyar nan kuwa ta riƙe ta kamar gado.

Sai ga saurayi, Dominic, soja, yaro mai hankali. Uwarsa Dinah ita ce shugabar zumuntar matan cocinmu, macen da ko tari za ta yi sai ta gyara ɗankwali. Aka sa ranar da dangin Dominic za su zo gaisuwa gidan Saloma. Glory ta iso ana gobe, da jaka cike da wasu 'yan kwalabe. Kowace da ruwan turare a ciki, launin ruwan lemo, an tsoma mata 'yan tsinkaye sirara kamar na tsire. Ba wuta, ba lantarki. Ruwan ne ke bin tsinken ya hau, iska ta kwashe shi a hankali, ɗaki ya yi ta ƙamshi har kwalbar ta ƙafe. Ina tuƙa tuwon baƙi na gan ta ta ajiye ɗaya a falo, ɗaya a banɗaki.

Na ce, "Glory, yau gidan naku ya koma otal?"

Ta ce, "Anti Leah, ba na so su shigo su fara yamutsa fuska."

Na ce, "Uwar mijin naki fa a nan take aiko a saya mata daddawa."

Ta yi dariya ta wuce. Abin da ban gani ba, wanda sai daga baya na sani, shi ne ta lallaɓa ɗakin baya, inda kwanduna ke rufe da sabuwar kalwa. Ta ajiye kwalba a kowace kusurwa, can bayan kwanduna inda uwarta ba za ta gani ta yi faɗa ba, ragowar ruwan turaren kuma ta yayyafa a kan buhunan. Baƙi suka zo suka ci suka sha, aka yi addu'a, kowa ya yaba. Washegari da sassafe Glory ta hau mota ta koma wurin aiki. Ta tuna da cajar wayarta, ba ta tuna da kwalabe ba.

Bazara ce, ga ɗaki a rufe, ga zafin kalwa. Daddawa kuwa abu ne mai maiƙo, duk abin da ke iska sai ta sha. Saloma ta shiga cikin duhun ɗakin ta zura hannu, ɗumi daidai, yauƙi daidai. Ta kirɓa, ta mulmula, ta shanya, ta kai kasuwa. Warin daddawa ya danne turaren tana ɗanya, sai ta shiga tukunya ta ji wuta yake tashi. Kafin rana ta yi tsaka an saye tas.

Kashegari da hantsi na ji muryar Adama a gidan Saloma, na zagaya. Ga mata masu sari su uku a tsakar gida suna jiran awo. Adama ta dire kwanon miya a gaban Saloma.

"Saloma, mi kinka zuba ma daddawag ga? Tun sahe direbobi ka maido min tuwo, wai miyata ƙamshin amarya takai."

Saloma ta ɗaga kwanon ta kai hanci, alhali ta san aikin banza ne. Ni na karɓa na shinshina. Miyar kuka ce, amma sai ka rantse an jiƙa sabulun wanka a ciki. Saloma ta ce ita ba ta canja komai ba, in ba su yarda ba su zo su duba. Da hannunta ta buɗe musu ɗakin da ba ta bari a shiga. Ɗaya daga cikin matan ta haska fitilar waya, ta ja kwando, sai ga kwalba da tsinkaye a tsaye. Aka duba ɗaya kusurwar, ga wata. Huɗu cif.

Adama ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Wanga ai kafi na! Kusurwa huɗu!" Sai kuma ta kama bakinta. "Ni dai ban ce komi ba."

Ta riga ta ce. Kowa a ƙasar nan ya san kafi, abin da boka kan ba mutum ya ajiye a kusurwoyin gida ko shago don ya ja kasuwa. Kowa kuma ya san in aka ga turare a inda ba jiki ba, ba tufa ba, hankalin mutane wurin boka yake zuwa. Na ce musu turaren ɗaki ne, ga irinsa can a falo. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "To me ya kai na falo bayan kwando?" Suka ɗauki buhunansu wayam suka fita, har suna tuntuɓe don saurin kai labari.

Kafin magariba zance ya zagaye Zuru. Wai dama an sani. Wai ai ba banza ba mace ɗaya ta kwashe kasuwa shekara da shekaru. Wai shi ya sa ba ta barin kowa ya shiga ɗakin. Wata ma ta rantse ciwon cikin mijinta daga daddawar ne, mutumin da duk unguwa ta san burkutu ce ke cin hanjinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu faɗin nan sun san kwalbar sarai. Irinta ce ke lilo a jikin madubin motocin haya, irinta ce ke kan tebur a ofishin coci. Amma ranar ba wanda ya taɓa ganin ta a duniya. Mutumin da ya daɗe yana cin abinka, in ya samu dalilin da zai ce ba ƙwarewarka ba ce, da hannu biyu yake karɓa.

Na kira Glory a waya. Ta fashe da kuka, ta faɗa mini duk yadda ta yi. Na ce, "To, sai ki hau mota ki zo ki faɗa da bakinki. An kira uwarki gaban zumunta ranar Alhamis."

Ta ce, "Anti, aiki ya yi mini yawa. Kuma maman Dominic ce fa za ta zauna a kujera."

Na ce, "Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Ke kin ja, kin kuma koma gefe kina kallo."

Ta ce za ta duba. Har yau tana dubawa.

Ranar Alhamis muka taru a coci. Dinah na zaune a gaba, kwalaben huɗu a jere a kan tebur, an sa musu tire kamar abin da zai ciji mutum. Saloma na tsaye da zanen zumuntarta. Ban jira an ba ni dama ba, na miƙe.

Na ce, "Mama shugaba, wannan turaren ɗaki ne, kuma ba Saloma ce ta sa shi ba. Ranar da kuka zo gaisuwa, da idona na ga jakar da ya fito daga ciki. Glory ce ta..."

"Ni na saya," in ji Saloma. Ba ta ko ɗaga murya ba. "Ni na ajiye. Leah ba ta san komai ba."

Na ce, "Yaya Saloma, ki ji tsoron Allah! Ke da hancinki bai san turare daga kashin kaza ba?"

Aka yi dariya kaɗan, Dinah ta buga tebur. Ta tambayi Saloma don me ta sa a kusurwa huɗu, don me ta ɓoye. Saloma ta ce ba ta da amsa. Na sake buɗe baki, ta juyo ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, sai na koma na zauna. Dinah ta gyara ɗankwali ta ce lallai masu yaɗa magana ba su kyauta ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Aka kai maganar gaban dattawan coci, aka sa Saloma a horo. Ta ajiye zanen zumunta, ta ajiye tulu, ta koma bencin baya har sai an ga tubanta.

A hanyar gida na tare ta. Na ce, "Wace irin hauka ce wannan? Kin ɗauki sunanki kin jefa a kwata saboda yarinyar da ta kasa hawa mota?"

Ta ce, "Leah, ke kanki ɗaya ne, amma ba kya amfani da shi. In aka ce Glory ce ta sa turare a kusurwa huɗu, ranar da dangin miji za su zo, me za a ce? Ba za a ce jan kasuwa ba. Za a ce ta yi wa ɗan mutane asiri ne ya aure ta. Kina ganin Dinah za ta bari a ɗaura?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara mini haushi. Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ni na tsufa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ta ƙone buhunan, ta sake sabbin kwanduna, ta wanke ɗakin da toka, ta ɗora sabuwar tukunya. Daddawa ta fito lafiya lau, ni na shinshina mata. Ta kai kasuwa ta zauna tun safe har la'asar, matan da a da suke rige-rigen tirenta suna ratsewa ta bayan rumfa don kada ido ya haɗu. Adama ta aiko mata da gaisuwa, ta ce ita ba ta yarda da zancen ba, amma direbobi sun ce in suka ji daddawar Saloma ce ba su ba tuwonta. 'Yan Bena da Kanya suka canja gida. Ta jarraba kasuwa bayan kasuwa, daddawa na komowa da ita, har ta gaji da kallon tiren. Wata safiya ta turo mini babbar tukunyarta ta ƙofa, ta ce in riƙa dafa wa aladuna dusa a ciki. Ta koma ƙodago a gonakin mutane, macen da jikoki ya kamata su riƙa yi mata tausa.

Aka yi bikin kuwa, a watan Kirsimeti. Dinah ta nuna wa duniya girman zuciyarta, wai ba za ta hukunta 'ya da laifin uwa ba. Matan zumunta suka fito da zane iri ɗaya suka raka amarya da waƙa, wata ce ke buga tulun, tana bugu kamar mai kirɓa sakwara. Uwar amarya na bencin baya da atamfar gida. Miyar bikin da dunƙulen magi aka yi ta. Na ja Glory gefe tana cikin farar riga, na ce, "Yanzu an ɗaura, ba mai kwancewa. Ga makirufo can, ga jama'a. Kalma biyu ce." Ta riƙe hannuna, idonta ya cika da ruwa, ta ce, "Anti, ba yau ba. Bari in zauna a gidan tukuna." Aka kira ta yankan kek, ta tafi.

Dominic ya ɗauke ta zuwa barikin da yake aiki. Damina ta zo ta wuce. Ni na faɗi gaskiya a bakin rijiya, na faɗa a wurin niƙa, na faɗa a gidan makoki, har aka fara ce mini lauyar Saloma. Ba wanda ya saurara, tunda mai abu da bakinta ta ce ita ce.

Ran nan da yamma ina ba aladu abinci sai ga Saloma ta shigo da sauri, fuskarta a sake, rabon da in ga haƙoranta har na manta. Ta ce Glory ta kira. Ciki gare ta, wata na uku, komai ta ci sai ya dawo. An gwada shinkafa, an gwada shayi, an sayo daddawa a kasuwar can, ko warinta ba ta iya ji. Wai ta ce, "Mama, taki nake so. Ita kaɗai raina ke so. Ki aiko mini ko kaɗan ne."

Na ajiye bokiti. Na ce, "Ta ce za ta zo ta yi magana?"

"Ba ta da lafiya, Leah."

"Na ce ta ce za ta yi magana?"

Saloma ta dubi tukunyar, dusa ta bushe a bakinta. Ta ce, "Ba mu yi wannan zancen ba. Ara mini tukunyar, na samo kalwa mudu biyu a Manga."

Na faɗa mata maganganu, ba zan maimaita su a nan ba. Na ce da ni ce, kwalbar turare zan aika mata ta kaɗa miya da ita. Na ce garin nan kaf ya ci amanarta, amma ba wanda ya kai wadda ta goya. Tana tsaye tana ji, tana ta kankare dusar da farce. Da na gaji na yi shiru, ta ce, "Kin gama? Itace ma nake so, nawa jiƙaƙƙe ne."

Tukunyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Na kama kunne ɗaya ta kama ɗaya, muka fita da ita ina zagi. A tsakar gidanta ta durƙusa tana hura wuta, hayaƙi na shiga idonta, tana lissafin ranar da motar da za ta kai saƙon za ta tashi. Kalwa mudu biyu ko gindin tukunyar ba ta rufe ba.

Ta ɗago ta ce, "In ta nuna, ki zo ki shinshina mini kafin in aika. Kada wani abu ya shiga ya tayar wa yarinyar zuciya."